Sakamako Ya Fito, Shawara Ta Rage Gare Mu

Kwana biyu ban yi rubutu ba, dalili kuwa shi ne zancen karatun 'yata ta fari ya hana mu barci ni da mahaifiyarta.

Ta samu maki 264 cikin 400 a jarrabawar JAMB, kuma likitanci ta nema a jami'ar da ke kusa da mu. Da aka haɗa da sakamakon tantancewar jami'ar, sai ya zama ba ta kai makin sashen ba. Hanya biyu ta rage: ko ta canza zuwa wani fannin kimiyya na shekara 4 ta zauna a gabanmu, ko ta canza jami'a zuwa arewa ta sake gwada likitanci, mai shekara 6.

A nan ne na gane wani abu da ya kamata duk wani uba a Sabo ya sani. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Kuma jihar asali ake dubawa, ba inda aka yanke cibiyar yaro ba. An kafa Sabon Ibadan tun 1916, a nan aka haife ni, a nan aka haife ta, amma takardarmu ta ce mu mutanen Kano ne. Yarinyar da Yarabancinta ya fi nawa, sau uku kacal ta taɓa taka Kano.

Mahaifiyarta ta ce, "Malam, 'ya mace ce fa. In ta kwanta ciwo da dare, wa zai duba ta?" Ban samu amsa ba. Ni kuma abin da ke damuna shi ne kada wata rana ta tuna mu muka tare mata hanya don tsoronmu.

Sai da muka kwana uku muna ja kafin ɗayanmu ya tuna a tambayi mai abin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ko a ina ne, likita nake so in zama."

Mun yi istihara, na kira yayata da ke Kano, ta ce ɗakin 'ya'yanta a buɗe yake. Jiya muka je aka cike takardar canjin. Ba mu da tabbacin za ta samu, kuma in bai yiwu ba shekara guda ta tafi. Mun yarda da hakan.

Shawarata gare ku: kafin yaro ya zaɓi jami'a, ku duba jihar da ke takardarsa, kuma ku ji ta bakinsa tun da wuri. A taya mu da addu'a.