Harafin Farko

Bari in ba ku labarin wani shafi da ban manta da shi ba.

Lokacin da nake koyon aikin malanta, wani malaminmu ya nuna mana hoton wani tsohon littafi. Linjila ce ta Kirista, rubutun hannu. An rubuta ta a Lindisfan, wani ɗan tsibiri na ƙasar Ingila, wajen shekara ta 700. An ce mutum guda ya yi aikin, wani shugaban coci da ya rasu a 721. Ba takarda a ƙasar sa'an nan. Bisa fatar maraƙi ya rubuta.

Littafin kashi huɗu ne. Kafin kowane kashi, akwai shafi guda da ba a rubuta kome ba sai zane: gicciye a tsakiya, ado ya kewaye shi kamar darduma. Shafi na gaba kuwa, harafin farko ya ci wajen rabin fili. Cikinsa tsuntsaye ne da karnuka, sun sarƙe kamar saƙar tabarma. A farkon Linjilar Luka har kyanwa ya zana a gefe, cikinta cike da tsuntsaye. Shuɗin da ya sa daga ganye ya fito, ɗan uwan babar da ake rini da ita a marina.

Yawancin masu zuwa coci a zamanin ba su iya karatu ba. Amma in an buɗe littafin ranar biki, ko jahili ya ga shafin nan ya san magana mai girma za ta soma. Ku ma kun san haka, don kun ga zayyanar da malamanmu ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu. A 875 mahara suka tilasta wa mutanen tsibirin gudu. Ba su bar littafin baya ba. Yana Landan har yau.

Na tuna da shi ne saboda wani dattijo a ajinmu. Dare guda ya yi yana fama da harafin farko na sunansa. Ya aje alli, ya ce: "Malam, kunya nake ji, harafi ɗaya ya gagare ni."

Na ce: "Baba, wani ya yi kwanaki bisa harafi guda, yau shekara fiye da 1300 ana zuwa kallonsa."

Ya yi dariya, ya ɗauki allinsa. Kai ma ɗauki naka.