Bikin Jamusawa a Bakin Tafkin Mishigan

A ƙarshen watan Yuli na wata shekara, ina ziyarar bincike a Madison ta jihar Wiskonsin, sai wani abokin aikina ya kai ni birnin Milwoki domin in kashe kwarkwatar idona a bikin da ake kira German Fest. Tun 1981 ake yin sa a bakin Tafkin Mishigan, inda zuriyar Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka suke taruwa domin tunawa da tushensu.

Ƙamshin abinci ne ya fara tarbarmu. Ga naman alade ana gasawa, ga kabeji mai tsami, giya kuwa kamar ruwa. Da yake ni Musulmi ne, sai na tsaya kan wainar dankalin Turawa. Maza sun sha gajeren wando na fata, makaɗa suna jan akodiyan, tsofaffi da yara suna rawar polka. Har tseren karnuka masu gajerun ƙafafu aka yi.

To amma kunnen manazarcin harshe ba ya hutu. Na lura Jamusancin yana kan allunan abinci, yana cikin waƙoƙi, amma ciniki da hira da tsawata wa yaro, akasari da Ingilishi ake yi. Alhali a ƙarshen ƙarni na 19 ana buga jaridun Jamusanci kullum a wannan birni, ana kuma koyar da harshen a makarantu. Da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, sai magana da shi ta zama abin zargi. Jihar Nebaraska ma doka ta kafa a 1919 ta hana koyar da ƙananan yara baƙon harshe. Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1923, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: iyaye da yawa sun daina yi wa 'ya'yansu Jamusanci a gida.

Wata dattijuwa da muka zauna benci ɗaya da ita ta ce abin da ya rage mata na harshen kakarta shi ne ƙirga daga ɗaya zuwa goma da addu'ar cin abinci. Ta karanta mini addu'ar, muryarta na rawa. Daga nan ta tambaye ni da wane harshe 'ya'yana suke magana a gida.

Na ce mata Hausa. Ban gaya mata cewa a daren jiya, da na buga waya gida na gai da autana da Hausa, da Turanci ya amsa mini ba.