Famfon Ruwan Fijon Mahaifinmu

'Yan uwana mazauna Kontagora da kewaye: Duk wanda iyayensa suka baro Katsina ko Kano ko Sakkwato suka zo nan neman halaliya, da wuya a rasa Fijo a tarihin gidansu. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocinsa a Kaduna, kuma har 2006 ana haɗa 504 a can, bayan su Turawan sun daɗe da barinta.

Tamu marigayi mahaifinmu ne ya bar mana. Da ita yake kai mu gida Funtuwa duk sallah, mu bi ta Tegina da Birnin Gwari. Bara sai ta fara zafi, kullum da safe a tarar da ruwa a ƙarƙashinta. Yayana ya ce a kira 'yan gwangwan a raba kuɗin kowa ya huta. Ban iya yi masa musu ba, na dai ce, "Yaya, a ba ni wata guda."

Wani dattijon bakanike na kai wa, irin waɗanda suka tsufa a kan Fijo. Ya kama fankar ya girgiza, ya nuna mini wani ɗan rami a ƙasan famfon ruwa inda tsatsa ta yi layi. Ya ce, "Ɗana, injinka lafiya lau, wata-famfo ne ya gaji."

Ga yadda abin yake, don masu irin wannan mota. Fanbel ne ke juya sandar famfon, sandar tana tafiya a kan boris, a ƙarshenta kuma akwai 'yar farfela mai tura ruwa daga lagireto ya zagaya cikin inji ya dawo. Tsakanin ruwan da boris akwai sil. Idan sil ya cinye, ruwa ya riƙa ɗiga ta wannan ramin, ya wanke gires ɗin boris, sai a fara jin kuka. In aka yi sakaci, zafi ya ƙona gasket, kan injin kuwa na alminiyom ne, lanƙwasewa yake yi.

Baba bai yarda da sabbin famfunan da ke kasuwa ba, ya ce gangar jikin na asali ta fi su. Muka aika Kaduna aka nemo boris da sil. Kafin ya kwance komai sai da ya auna tazarar farfela da jikin famfon, domin in ta matse za ta goga, in ta yi nisa ba za ta tura ruwa ba. Ya fitar da sandar a hankali, ya kankare tsatsa, ya zaunar da sabon sil, ya yanka gasket da hannunsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada a ƙara zuba mata ruwan rijiya zalla, a riƙa haɗawa da ruwan lagireto mai hana tsatsa.

Ran da muka gwada ta a hanyar Yawuri, da tsakar rana, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. Yaya ne ya karɓi tuƙin a dawowa, har yau kuma bai sake tayar da zancen 'yan gwangwan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk yaran garejin babu wanda ya taɓa buɗe famfo, cirewa da sa sabo kawai suka sani. Baba kuwa ya fara kukan ido. Don haka 'yan uwa, wanda ke da tsohuwar mota a gida ya kai ta tun masu sanin cikinta suna nan, in da hali ya tafi da ɗansa ya tsaya ya gani.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya tsare mu a hanya. Sai wani jiƙon.