Ziyara Wurin Kakan Jiragen Rafale

Daga tsakiyar birnin Faris na hau jirgin ƙasa zuwa Le Bourget, daga tasha kuma bas ta ƙarasa da ni gidan tarihin jiragen sama. Filin jirgin saman wurin ya ga jiya ya ga yau, don nan Charles Lindbergh ya sauka a 1927 bayan ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai. Yawancin baƙi wajen jirgin Concorde suka yi tururuwa. Ni kuwa wani farin jirgi ne ya kawo ni, Rafale A, wanda kamfanin Dassault ya ƙera don gwaji, ya fara tashi a Istres ranar 4 ga Yuli, 1986.

Na daɗe ina kewaya shi. Fukafukansa na baya masu kusurwa uku ne, ga wasu ƙanana guda biyu daf da mazaunin matuƙi. Da gangan aka tsara shi ya zama marar natsuwa a iska, kamar doki mai zafin kai, domin ya riƙa juyawa nan take. Kwamfuta ce ke riƙe da linzaminsa, tana daidaita shi a kowane lokaci, matuƙi kuwa ya nuna inda yake so kawai.

Da farko ƙasashe biyar ne suka yi niyyar ƙera jirgi ɗaya tare. Faransa ta ce ita marar nauyi take so, wanda zai iya sauka a kan jirgin ruwan yaƙi. Da aka kasa daidaitawa, ta janye a 1985. Birtaniya da Jamus da Italiya da Sifen suka ci gaba har suka samar da jirgin Typhoon, Faransa ta ɗauki kayanta ita kaɗai.

Burinta shi ne jirgi ɗaya ya yi aikin da a da sai iri-iri: ya tare abokin gaba a sama, ya kai hari ƙasa da teku, ya yi leƙen asiri, ya ɗauki makamin nukiliya. Wannan da nake tsaye gabansa da injin Amurka ya fara tashi, domin na gida, M88, bai kammala ba tukuna. Sojin sama ba su fara aiki da Rafale ba sai 2006, kuma babu wata ƙasa da ta saya sai 2015, lokacin da Masar ta nemi guda 24.

A nan Sahel ta faɗo mini a rai. A watan Janairun 2013, jikokin wannan jirgi guda huɗu sun tashi daga Saint-Dizier, suka yi luguden wuta a yankin Gao na Mali, suka sauka a Njamena bayan fiye da awa tara a sama. Faransawa ba su nemi kowa ya ba su injin ko na'urar rada ba, nasu ne.

A hanyar komawa abin da ya tsaya mini shi ne shekaru ashirin ɗin nan tsakanin tashin farko da fara aikinsa a sojin sama. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kuɗi ya yi ƙaranci, amma ba a kori injiniyoyi an rufe masana'anta ba. Ƙasar da ke sayen jirgi tana jiran yardar mai sayarwa a kan kowane ƙarfe da ya lalace. Wadda ke son kuɓuta daga wannan jira, sai ta fara da makarantar fasaha, ta kuma yi haƙurin shekaru.