Sunan Da Batir Ya Riƙe

Ranar wata Asabar da hantsi, muna zaune a ƙofar gida muna duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai ga wani yaro ɗan bola-jari ya turo baronsa. A cikin tarkacen gwangwanaye da matattun fankoki, idonmu ya faɗa kan wani akwatin roba wanda tsufa ya mayar rawaya-rawaya. Ba mu san lokacin da muka miƙe ba. Super Nintendo ce, samfurin Turai. Muka tambaye shi abin da zai yi da ita, ya ce, "Malam, fasawa zan yi in cire tagulla, robar kuma a ɗora a kilo." Muka ba shi ninkin abin da ya ce zai samu, ya tafi yana waiwayenmu, da alama yana zaton boko ya taɓa mana kai.

Ya kai mai karatu, kafin ka bi sahun yaron nan, bari mu koma da kai baya. Mu 'yan zamanin gidan gem ne, inda ake biyan kuɗi a buga Sega, wanda aka cinye ya miƙa hannu ga na bayansa. A shekarar 1997 kawunmu, direban babbar mota, ya kawo mana Super Nintendo ta gwanjo daga Legas da kaset uku. Mu da ƙanenmu muka tare a gabanta har ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta. Daga nan kowa ya kama harkar gabansa, mu muka shiga koyarwa, shi kuma ya rasu a hatsarin mota a shekarar 2011.

Tara waɗannan na'urori ya same mu ne da girma. Yau a kan kantar ɗakinmu akwai Mega Drive, wadda kamfanin Sega ya fitar a Japan a 1988, da Game Boy ta 1989, da PlayStation ta farko ta 1994, da kuma jabun Famicom guda biyu, irin masu kaset rawaya da ke alƙawarin dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Ko ɗaya ba ta zo hannunmu da rai ba. Kayan aikin ma ba su taka kara sun karya ba: ƙarfen liƙa waya da dalmarsa, da mita, da sifirit, da audugar goge kunne, sai haƙuri, wanda aji ya riga ya koya mana.

Darasin farko da tsada muka saye shi. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa ta haura 200, saboda haka duk wanda ya cusa adaftar Japan a soket ɗinmu ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, hayaƙi zai gani. Mun gani. Na biyu, hura iska a bakin kaset da muka taso muna yi ba magani ba ne, domin danshin numfashi tsatsa yake jawo wa haƙoran ƙarfen. Cirewa da mayarwa ne ke sa su kama, maganin kuwa goge su da sifirit. Na uku shi ne kwandansa, wadda in ta tsufa takan yi yoyo, ruwanta ya cinye hanyoyin tagullar da ke kan allo, kuma Game Gear ta Sega ta yi ƙaurin suna wajen wannan ciwo. Wanda kuma ya taɓa kifa PlayStation don ta karanta faifai, to, sani ya yi ko bai sani ba, dabara yake yi wa mazaunin idon na'urar da ya zaizaye.

Uwargida takan ce, "Malam, albashin da ba ya kai ƙarshen wata, shi ake saya wa gawa likkafani?" Gaskiyarta. Mukan ba ta labarin yadda a 2021 aka yi gwanjon kaset ɗin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56 a Amurka, sai ta ce to mu sayar da namu mu gani. Namu kuwa ko kuɗin cefane ba za su yi ba. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023, wanda ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 sun fita daga kasuwa. In haka abin yake a ƙasar da ke da gidajen adana kayan tarihi, ina ga nan, inda makomar tsohuwar na'ura ita ce baron ɗan bola-jari?

To, ga dalilin da ya sa muka miƙe ranar Asabar ɗin nan. Bayan rasuwar ƙanenmu, Inna ta ba mu wata jaka ta kayansa, a ciki muka tarar da ɗaya daga cikin kaset ukun nan, The Legend of Zelda: A Link to the Past, wanda ya fito a Japan a 1991, ya iso Turai a 1992. Wasa ne da ake rubuta suna kafin a fara, kuma yana tuna inda aka tsaya. Shekara da shekaru yana ajiye, ba mu da abin da za mu gwada shi.

Na'urar bola-jari fis kawai ta ƙone. Muka canja shi, muka samo adaftar da ta dace, muka goge kaset, muka kunna. Sai ga laƙabin da muke kiran ƙanenmu a gida ya bayyana a jikin talabijin, da jerin jajayen zukatan da ya tara. Mun daɗe a zaune ba mu taɓa komai ba.

Murnar ba ta daɗe ba, domin mun san abin da ke riƙe da sunan. Ƙwaƙwalwar irin wannan kaset ba ta tuna komai sai da wuta, wutar kuwa daga wani ɗan batir take, mai faɗin kwabo, wanda aka liƙa tun a masana'anta. Batirin da ya haura shekara talatin yana aiki, kowace safiya kyauta ce gare shi. In muka bar shi, wata rana zai mutu da sunan. In muka cire shi, wutar ta yanke ko da na ƙiftawar ido ne, sunan ya tafi a hannunmu. Gaba kura, baya sayaki.

Dabarar ita ce a jona wani batir na wucin gadi da 'yan wayoyi biyu ya riƙe wutar, sannan a cire tsohon. Muka fara gwadawa a kan wani kaset na gwanjo mai ɗauke da sunan wani yaron Turawa da ba mu sani ba. Waya ɗaya ta zame, sunansa ya goge. Har yau mukan ji nauyin yaron nan, ko da yake yanzu wataƙila ya yi furfura kamarmu. Sai da muka yi wata biyu muna jan ƙafa, muna ƙara gwaji a kan matattun alluna.

Daren da muka yi aikin, babban ɗanmu ne ya riƙe mana tocila. Hannun da ya shekara ashirin yana riƙe alli bai taɓa rawa irin ta ranar ba. Muka liƙa sabon batir, muka cire na wucin gadi, muka ɗaure kusoshi, muka kunna. Sunan yana nan.

Yaron ya dube mu ya ce, "Abba, in ƙarasa wa Baffa wasansa?" Muka yi shiru. Can muka nuna masa cewa kaset ɗin gurbi uku gare shi, na farko na Baffansa ne, a bar shi inda ya tsaya. Ya rubuta nasa sunan a gurbi na biyu. Mun kuma rubuta kwanan watan da muka canja batirin a wata 'yar takarda, mun manna ta a cikin kaset ɗin, sannan muka fara koya masa riƙon ƙarfen liƙa waya, domin canji na gaba ba lallai ne ya same mu da sauran gani ba.