Ƙwaya nawa za a zuba a wurin renon tumatir?

A wani gari na bakin Gulbin Maraɗi akwai wani manomi mai ƴar garka a bayan gida, kusa ga rijiya. Mahaifinshi ne ya kafa ta bayan farin 1984, lokacin da gwamnati ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. Garkar ba ta da girma. Fangali ukku ne na tumatir, sauran salati da albasa. Amma da ita ake miya tun daga sanyi har bazara, abin da ya yi saura kuma uwargida ta yanka ta shanya ya zama kauɗa.

Shekara biyu a jere tumatir yana ba shi kunya. Bara waccan ya zuba iri kaɗan, daidai bukata. Kaji suka sami ƙofa a darni suka tone rabi. Kafin ya sake zubawa Janairu ta kama. Tumatir ya yi fure cikin zafin Maris, furen ya zube, ko kwando guda bai cika ba. Bara kuma sai ya husata ya watsa cikin tafin hannu cur. Tsiro ya fito cunkus kamar gashin kai, dogaye, sirara, ba ƙwari. Ya yi ta jan guga yana shayar da abin da ba za ya dasa ba.

Bana da aka gama girbin hatsi, Oktoba ta yi nisa, ya ɗauko littafinshi na makarantar yaƙi da jahilci ya zauna gindin bedi. Uwargida ta iske shi yana ƙirga da yatsu.

Ta ce: "Maigida, iri ma sai an yi mashi lissafi? Ka zuba da yawa, Allah ya raya nashi."

Ya ce: "Haka na yi bara. Ke ce ke jan ruwan ko ni?"

Ga yadda ya yi. Kowane fangali tsawonshi mita 5, layi biyu, tsakanin gindi da gindi rabin mita. Gindi 20 ke nan a fangali, 60 a garka duka. Wannan ba wuya. Wuyar ita ce sanin ƙwaya nawa za su mutu a hanya.

Irin nashi na gida ne, ya kwana shekara cikin kwalba. Malamin gona ya taɓa gaya masu cewa irin da aka rubuta ma F1 a takarda ba a ajiye ɗiyanshi, don ba su kama da uwa. Nashi ba wannan ba ne, amma tsohon iri ba a yarda da shi sai an gwada. Sai ya ƙirga ƙwaya 20 ya naɗe cikin tsumma mai laima, ya sa a inuwa kusa ga randa, kullum yana yayyafa ruwa. Bayan kwana 8 ya buɗe. 14 sun tsaga, 6 shiru. Ke nan cikin goma, bakwai ne ke da rai.

Nan ya daɗe yana shafe alli. In ya zuba 60, tsiro 42 za ya samu, fangali guda ya tashi fayau. In ya zuba 100, za ya samu 70. Goma kacal na ciko, ga ƙadangare, ga gyare mai yanke tsiro da dare, ga waɗanda ke ruɓewa daga gindi in ruwa ya yi yawa. Bayan dashe ma wasu ba su kamawa. Goma ba ta isa. Ya rubuta 130, ya ga za su ba shi wajen 90. Talatin ke nan a ajiye. Hankalinshi ya kwanta.

Uwargida tana tsaye. Ta ce: "To, na Inna fa? Bara ta aiko jikanta neman dashe, aka ba shi waɗancan siraran, ko ɗaya bai rayu ba. Har yau kunya nike ji."

Wannan bai shiga littafi ba, kuma ita ke da gaskiya. Ya ƙara 20, suka zama 150. Da ya tara su da tsinken ashana, ko murfin kwalba ba su cika ba, don giram guda na irin tumatir ya kai ƙwaya wajen 300.

Ya gyara wurin reno da ruɓaɓɓen taki, ya ja layi da yatsa, ya jera ƙwaya ɗai-ɗai ba zurfi, ya rufe da ciyawa. Darnin kuma ya toshe shi da ƙaya. Tsiro 99 suka fito. Ƙadangare da ruɓa suka ci 13. Bayan kwana 28, da marece, ya dasa 60 masu kauri. Cikin mako guda 7 suka kwanta, ya cike gurbinsu. Aka kai ma Inna 12 cikin ƙwarya da ƙasarsu a gindi.

Bakwai da suka rage suna nan bakin rijiya. Maƙwabcinshi ya riga ya leƙo ta kan darni sau biyu.