Mujiya Da Ƙashin Da Ya Ba Da Shaida

Wani malamin makaranta a Nassarawo, cikin ƙasar Mubi, ya tarar da yara sun jefe wata mujiya da ta yi sheƙa a rufin ajinsu, wai domin tsuntsuwar mugun alkaba'i ce. Malamin bai tsawata musu ba. Ya tsince dunƙulen da take amayarwa, ya farfasa a gabansu, sai ga gashi da ƙasusuwan ɓeraye. Daga nan ya ba su labarin wata mujiyar da ƙashinta kaɗai ya rage a duniya.

A tsibirin Morishus, gabas da Madagaska, akwai wata fadama mai suna Mare aux Songes. A 1889 wani mutum, Théodore Sauzier, ya sa aka haƙa ta, aka tono ƙasusuwan tsuntsaye masu yawa. Masana biyu a Ingila, Edward Newton da Hans Gadow, suka duƙufa a kansu, har a 1893 suka bayyana cewa waɗansu 'yan guntaye, na fiffike da na ƙafa, na wata irin mujiya ce dabam.

To, yaya ake gane tsuntsu daga guntun ƙashi? Ita mujiya tana iya juya yatsanta na waje zuwa baya, watau biyu gaba biyu baya, don ta damƙe abin farauta. Wannan baiwa tana da alama a gaɓar ƙashin ƙafarta. Sai masani ya auna tsawo da kauri, ya gwada da na mujiyoyin da ke raye. Duk da haka akan yi kuskure. Sai a 2018 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa 'yar dangin ƙananan mujiyoyi masu tukkun kunne ce, wadda zaman tsibiri ya sa ta girma.

Abin baƙin ciki shi ne, an san ta da ranta. An zana hotonta a 1770, Julien Desjardins kuma ya siffanta ta a 1837. Amma kafin 1859 an daina ganinta, bayan an sare dazuzzuka don noman rake, ga kuma harbi.

Malamin ya tambayi yaran wa zai yi gadin rumbunan dawar iyayensu da dare in mujiya ta ƙare. Babu wanda ya amsa. Daga duwatsun Mandara zuwa bakin kogin Yedzaram gatari bai huta ba, ga tsohon canfi yana nan daram. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Da yamma ya binne tsuntsuwar a bayan aji, ya ajiye dunƙulen a cikin kwalba bisa teburinsa. Jama'a, Allah Ya kiyashe mu da ranar da jikokinmu za su san mujiya ta ƙashinta kawai.